Magajin Ribas

Dattijon yana tsaye a garejin mai walda, hannu ɗaya a ƙugu, ɗayan yana shafa tsohuwar akori-kurarsa kamar mai lallashin jariri. Rigarsa fara ce ƙal, ta sha guga. Motar kuwa ta koɗe har ba a gane launin da ta zo da shi duniya. Ya kawo injin jan mota sabo fil, mai igiyar ƙarfe da maɓallin naɗe ta, yana so a ɗaura mata a baya.

"Baba, ai a gaba aka fi sa wannan," in ji mai walda.

"A baya na ce. In wani bawan Allah ya maƙale a taɓo, wa zai fito da shi?"

Da alama a gida 'ya'ya sun gaji da turi, sun fara zancen masu sayen tsohon ƙarfe, shi kuma yana so duniya ta shaida motarsa tana da aikin yi.

An gama ɗauri. "Ja ta baya kaɗan, Baba, in kwashe kayana," in ji mai walda.

Dattijon bai ko kalli sitiyari ba. Ya gyara hula, ya warware igiyar, ya maƙala a bishiyar bakin titi da ke bayan motar, ya danna maɓalli. Motar ta taho da baya tana nishi.

"Baba, ribas fa?"

"Ta riga mu gidan gaskiya tun bara," in ji shi, yana shafa injin. "Ga magajinta."