Wayar Wuta a Bakina

Ina tsugune a ɗakin Innata a Gwaram, ina ɓare wayar wuta da haƙori, zan haɗa mata soket. Kwana tara rabonmu da wuta, shi ya sa ban cire fiyus ba.

Sai ta ce, "Sani, miƙo min butata."

"Inna, bari in gama mana!"

"Yanzu nake so."

Na tofar da wayar, na tashi ina ƙunƙuni. Ban kai ga butar ba, fankar sama ta fara juyawa.

An kawo wuta ke nan. Inna ta kalli fankar, ta kalli bakina, sai salati take yi.

Har yau ina jin ɗanɗanon wayar nan a harshena. Ku ma kuna yarda da "ai babu wuta"?