Jakar Farautar Munkaila

Illiyasu ba ya wuce jaka bai ɗaga ta ba. Ko ta wane ce, in dai an ajiye ta kusa da shi, sai ya sa yatsa ɗaya a hannunta ya ɗaga, ya ɗan yi shiru kamar mai sauraron wani abu, sannan ya kai gefen ƙyallen kusa da kunnensa ya murza. Baƙi kan ɗauka wasa yake yi. Mu da muka san shi a unguwar Ard al-Liwa ta Alƙahira mun daina tambaya.

Mutumin Madarunfa ne, ta wajen Maraɗi. Karatu ya kawo shi Alƙahira, karatun bai zauna ba, sai ya zauna da keken ɗinki a wani ɗan shago ƙarƙashin bene, yana gyaran jakunkuna: ta ɗalibi da zif ya mutu, ta ɗan kasuwa da taya ta fita. Ya auri Bakhita, Bahaushiyar Sudan, suna zaune a ɗaki biyu saman shagon. Ni kuwa na girme shi da kusan shekara ashirin. Tafinta nake yi wa mutanenmu masu zuwa asibiti, kuma duk shekara nakan je gida Katsina sau ɗaya.

Yana da wa, Munkaila, maharbi. Da rani yakan shiga dajin Baban Rafi ya yi kwana uku ko huɗu, da bindigarsa da burgaminsa na fata a kafaɗa ɗaya. Shi ya tsaya a gona da daji don ƙanen ya tafi karatu, kuma a duk shekarun nan bai taɓa cewa a aiko masa da ko hula ba. Sai da kafaɗar dama ta fara ciwo ya ce, ya ji ana yin jakar goyo marar nauyi, in akwai irinta a Masar.

Illiyasu ya fi wata biyar yana nema. Ya zaga shagunan Wustul Balad, can tsakiyar gari, ya dawo yana cewa masu sauƙin suna kuka kamar leda, gada za ta ji ka tun kana bayan tudu. Masu shirun kuma sun yi nauyi tun ba a sa komai ba. Wata launinta ja ne. Wata tana da mannen nan da ke ƙara in an ɓare shi. Na ce masa jaka ai jaka ce. Ya ce haka ne, Malam, ya ci gaba da nema.

A watan Maris na 2011, lokacin da Turawa da yawa suka kwashe suka bar gari saboda rikicin juyin juya hali, wani mai gadin gida a unguwar Zamalek ya fito da kayan da aka bar masa yana sayarwa. A ciki Illiyasu ya same ta. Launin ƙasa, ƙyalle mai laushi, da ɗamara a ƙugu wadda ke sauke nauyi daga kafaɗa. Ya ɗaga ta da ƙaramin yatsa. Duk da haka bai gamsu ba: ya cire duk wani ƙarfe da ke jikinta, ya sa igiya da maɓallan fata, ya faɗaɗa maratayin dama da soso saboda kafaɗar nan, ya shanya ta a kan bene kwana da kwanaki har warin sabulun Turawa ya fita. Yakan sa gorar ruwa biyu da tabarma a ciki, ya goya, ya hau benen ya sauko, Bakhita tana yi masa tsiya wai ya kamo mata zomo a hawa na huɗu.

A watan Oktoba zan tafi gida, ya kawo mini ita a naɗe. Ya ce in na isa Katsina in ba wani direba a tashar motocin Maraɗi, ya kai wa Munkaila. Abu ɗaya ya roƙa.

"Malam, a bar ta haka. Ba a yi ta don kaya ba."

Na ce to.

Wanda ya taɓa tashi daga Masar zuwa gida ya san yadda ranar ƙarshe take. Ba a barin jaka ta tafi wofi. Ina da littattafan fiƙihu, juzu'i tara, da na saya wa ɗana, akwati kuma ya cika da saƙonnin mutane. Na dubi jakar a naɗe a kan gado. Na ce a raina daga nan zuwa Kano ne kawai.

Ta kai Kano. A wajen fita daga filin jirgi na fizgo ta da hannu ɗaya, na ji wani ɗan sauti, ba mai ƙarfi ba. Maratayan biyu sun tsage daga jiki, ƙyallen ya bi su.

A kasuwar Katsina na sayi wata. Babba ce, ta tamfol, irin ta sojoji, da ƙarafa masu sheƙi. Duk wanda ya gan ta zai ce ta fi waccan kyau. Ita na ba direba. Ta Illiyasu na tura ta ƙarƙashin gado.

Da na dawo ya tambaye ni ko saƙo ya isa, na ce ya isa. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya.

Ina zaune a shagonsa da hantsi, cikin Fabrairu, Munkaila ya kira. Wayar Illiyasu irin mai ƙarar nan ce, na kusa yana jin komai. Ya yi godiya mai tsawo, ya sa albarka. Ya ce jaka kam ƙarfi gare ta, duk 'yan farauta sun zo sun gani. Sai dai ƙarafan suna ɗan kaɗawa, amma ya naɗe su da tsumma.

Illiyasu ya ce, "Madalla, Yaya." Bai dube ni ba. Ya ajiye wayar, ya zura zare a allura, ya tambaye ni ko ya sa a kawo shayi.

Fiye da shekara biyu muka yi a haka. Ina zuwa shagon, muna gaisawa, yana gyara mini akwati ba ya karɓar komai. Munkaila kuwa bai yarda ya ajiye jakar ba, tunda ƙanensa ne ya aiko daga Masar. Rani na farko ya yi kwanakinsa huɗu. Na biyu kwana biyu. Na uku aka ce yana fita da safe ya dawo kafin la'asar, hannun dama ba ya ɗaguwa sosai. Ban ce jakar ce ba. Shekaru ma suna nasu aikin.

Ranar da wannan labari ya zo, Illiyasu yana kan keke, bai tsayar da ƙafarsa ba ya ce, "Malam, in waccan ɗin tana nan, babu abin da ba ya ɗinkuwa."

A ƙarshen 2014 na dawo da ita daga Katsina. Na ajiye a kan teburinsa, na fara wata magana da na shirya tun a jirgi, ya ɗaga hannu. Ya sa yatsa ya ɗaga jakar, ya duba tsagar a haske.

"Littattafai?"

"Juzu'i tara."

"Ma'alish," ya ce. "Ba komai. Allah ya sa yaron ya karanta."

Ya ce keke zai ƙara yaga ta, sai da hannu, da ƙyalle a bayanta, ɗinki ƙanana. Yana so ta isa kafin ranin ya wuce, ko kwana ɗaya Yaya ya yi da ita a daji. Amma aikin mutane ya yi yawa, sanyin shekarar kuma ya kama masa ƙirji. Na kai shi asibiti da kaina, na yi masa tafinta ko da yake Larabcinsa ya fi nawa. Ya rasu a farkon Fabrairu.

Bayan sadakar bakwai Bakhita ta aiko a kira ni. Daga bayan labule ta miƙo jakar, ta ce mai gidan ya ce Malam ya san inda za ta. Ba ta ƙara ba, ban san iyakar abin da ta sani ba.

Na yi wa Munkaila ta'aziyya ta waya. Maganar jaka ba ta zo ba.

Tana nan rataye a bayan ƙofata. Maratayin hagu ya gama shi, ɗinkin a jere kamar rubutu. Na dama, mai soson, ya kai rabi. Allurar tana soke inda ya tsaya, da zare kamar kamu ɗaya yana lilo.