Kiyo da Maneji

Ni ban taɓa zama a aji ba, kuma ban ga abin da na rasa ba. Amma kalmomin Turanci guda biyu sun shigo mini gida a shekarar da ciwon hanta ya kama babban ɗana.

Maɗinki ne, a zauren gidanmu na Ƙofar Kibo yake aikin wuyan riga. Da cikinsa ya kumbura, idonsa ya koma rawaya, muka kai shi asibiti. Wadda ta raka ni ƙawata ce ta Wusasa, Kirista, tsohuwar malamar makaranta, tun muna da ƙarfinmu take sayen daddawa a hannuna. Likita ya yi ta zuba Turanci, ita tana gyaɗa kai, ni ina kallon bakinsa.

A hanyar gida ta ce, "Hajiya, kin ji abin da ya ce?"

Na ce, "Na ji yana ta shuu kamar ana suyar ƙosai. Ke da kika tsufa a kan yaren nan, sai ki faɗa mini."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Bai ce kiyo ba. Maneji ya ce."

Wai kiyo shi ne a yi magani ciwo ya tafi. Maneji kuwa a lallaɓa mutum ne, a rage masa zafi, ciwon yana nan inda yake. Wai likita ba ya ɗaukar wannan ya ajiye a wurin wancan. Maneji dai na san shi, shi muke yi da ragowar man gyaɗa. Na ce, "Malama, ɗan nawa za a yi wa maneji?" Ta sunkuyar da kai.

Ƙaninsa yana aiki a Fatakwal, inda samun hutu sai an yi da gaske. Kullum da safe sai ya bugo waya. "Inna, ya jikin Yaya? In da tsanani ki gaya mini in taho."

Ni kuwa in ce, "Da sauƙi."

Haka ake amsawa a cikin ganuwar nan. Na ga an ce da sauƙi alhali ana juya mutum yana fuskantar gabas. Mai hankali murya yake saurara, da shirun da ke biyo baya. Na ja maganar, na yi shirun, yaron nan ya ce alhamdu lillahi ya kashe waya.

Malama ta dame ni. "Ki faɗa masa yadda likita ya faɗa. Yaron nan ya daɗe cikin masu magana kai tsaye."

"Likitan naki shi ke raba kwana? Ni ba zan sa bakina a kan ran ɗana ba. Ku dai 'yan boko komai sai kun kira sunansa."

"Ku kuma sai kun rufe shi da faifai."

Ranar da ta zo ta tarar ko kunu ba ya wucewa a maƙogwaron babban ɗana, ba ta nemi izinina ba. Ta karɓi waya a hannun matarsa, ta koma bakin rijiya, ta yi wa ƙanin Turanci. A cikin maganarta na tsinci kalmomin nan biyu. A ranar ya hau mota.

Washegari da hantsi babban ɗana ya cika. Ba ma ajiye gawa. Kafin azahar an kai shi. Ƙanin ya iso bayan la'asar, ya tarar da tabarmi a ƙofar gida.

Ya shigo ɗakina da jakarsa a kafaɗa, ya durƙusa. Ya ce, "Inna, kin ce da sauƙi."

Na ce, "A ɗakin nan aka yanke maka cibi. Muryata ba ka ji ba?"

Ya tashi ya fita, na ji shi a zaure yana tambayar wanda zai nuna masa kabarin.