Shekarar da aka ware wa Kawu Barmo kwano

Kawu Barmo, ƙanin mahaifiyata, ba ya buɗe baki sai ya yi tari. Ku da kuka san shi a karar shanu ta Azare shaidu ne: kafin ya taya bijimi, "ƙuhum-ƙuhum", kafin ya yi sallama, "ƙuhum-ƙuhum". Lafiyarsa ƙalau, salon dillanci ne kawai.

Kuma bai yarda da maganin da ba ya zafi ba. Na taɓa yin tuntuɓe farcena ya fita, ya barbaɗa mini barkono. Ina ihu yana cewa, "Yauwa, yanzu ya fara aiki!"

To, wata shekara a zamanin En'e aka zo gwajin tarin fuka. 'Yar allura ce ake yi a fatar hannu, a ce ka dawo a duba, in wurin ya kumbura to akwai zargi. Kawu ya miƙa hannu, aka yi, ya tsaya yana jira.

"An gama, Baba," in ji malamin asibiti.

"An gama me? Ai ko sauro ya fi ka ƙoƙari!"

Ranar dubawa ya naɗe hannun riga, sai ga kumburi kamar ƙwan zabo. Malamin ya ja da baya. Kawu zai yi magana, ya fara da "ƙuhum-ƙuhum". Innalillahi! Layi ya watse. Aka tura masa gwangwani ya tofa kaki, ya tofo abu ja wur. Wata tsohuwa ta ɗora hannu a ka tana salati.

Kafin kasuwa ta tashi labari ya kai garinmu Gadau. Matarsa Inna Dije, tana kuka, ta ware masa kwano da moɗa. Abokan cin tuwonsa na zaure kuwa kowa ya tuna yana da uzuri. Mutumin da tun tasowarsa bai taɓa sa hannu a akushi shi kaɗai ba! Ya ƙi ci. Ya rame, wuya ya zube, mu kuma muka ce shi ke nan, alamu sun cika. Wallahi hankalinmu ya tashi, mahaifiyata ko barci ba ta yi.

Sai ga sakamakon kakin ya dawo daga Kano: babu cuta. Jan nan ma ashe goro ne! Malamin ya tako har gida.

"Baba, kumburi kaɗai ba ya nufin ciwo. Masu hulɗa da shanu yakan tasar musu haka kawai, shi ya sa ake duba kaki. Amma naka ya wuce misali. Ko ka taɓa wurin?"

"Taɓawa? Aikinka na gyara maka. Na ga allurarka ba ta da ƙarfi, na ɗiga mata ruwan tinya, na ɗaure da tsumma."

Tinya! Itacen da ruwansa ke ɗaye fata! Malamin ya nemi wuri ya zauna.

"Haba Baba, me ya hana ka faɗa?"

"Wa zan faɗa wa? Ina gyara murya kuka gudu, tun ranar kuma ba wanda ya matso."

Da yamma abokai suka dawo zaure suna sunkuyar da kai, kowa na wanke hannu. Kawu ya janye akushi zuwa gabansa.

"Ku dakata. Ni an duba ni har Kano. Ku wa ya duba ku?"

Sai da suka ba shi haƙuri ɗaya bayan ɗaya ya tura akushin tsakiya, kuma shi ya suɗe miyar.

Bayan shekaru, yana kwance a ciwon ajali, na tambaye shi ko ya ji tsoron mutuwa a wancan lokacin. Ya ce, "Mutuwa ba ta dame ni ba, ɗana. Ina jiyo ku kuna ci kuna hira a can, ni ina nan ni kaɗai, wannan ne ya kusa kashe ni."

Allah ya jiƙan Kawu, ya ɗebe masa kewa a kabarinsa, ya zaunar da shi a tsakiyar jama'a a gidan Aljanna. Amin.