La'asar ɗin da Aka Hana Ni

Har yau in ladan ya ɗaga murya da la'asar sai raina ya ɓaci, kuma ba da ladan nake ba. Da wani fasto nake. Ya daɗe da rasuwa, Allah ya ji ƙansa, amma ni ban gama huce masa ba.

Shekarar da aka sami 'yancin kai aka tura maigidana Kebbe. Malamin asibiti ne, mu mutanen ƙasar Zuru ne, Kirista. Garin kaf ba majami'a, ba ƙararrawa. Masu bi ba mu cika tabarma biyu ba: mu, da wani malamin makaranta, da hedimanin masu gyaran hanya da matarsa. Ran Lahadi a zaurenmu muke taruwa, mu yi waƙa, mu watse.

Ban iya karatu sosai ba. Da safe maigida yakan karanta mini aya guda kafin ya fita, in riƙe ta a ka. Amma ina lokacin zama da ita? Ga rijiya, ga daka, ga goyo a baya, ga yara biyu a ƙasa, ga marasa lafiya da ba su san asibiti na tashi ba, sai su biyo malam har gida, ni ce mai ba su ruwa.

Maƙwabciyata ce ta fisshe ni. Matar wani manomi ce, Musulma, ta girme ni, Yaya nake ce mata, ita ma da goyo. Wata rana an kira la'asar, tukunyarta na kan wuta, ɗanta na tsala kuka, sai na karɓe shi na ce ta je ta yi salla. Da ta sallame ta dube ni ta ce, "To ke fa, matar malam? Ku ba ku gai da Ubangiji? Kawo ɗiyan nan, je ki yi naki."

Haka muka fara. In an kira, ta miƙo mini nata, in ta idar in miƙa mata nawa. In wanke hannu da ƙafa, don mai daka ba ta zama gaban Allah da dusa har gwiwar hannu. In ɗaura ɗankwali, in shimfiɗa tabarma a inuwar katanga, in jingina, in rufe ido. Ba na cewa komai. Ayar safen nan nake ɗaukowa in yi ta juya ta a zuci, kalma bayan kalma, har hayaniyar kaina ta kwanta kamar yadda ruwan randa ke kwanciya. Daga nan sai in ji ba ni kaɗai ba ce a wurin. Daga baya na ji masu ilimi suna kiransa bimbini. Ni dai na san da shi nake ɗaukar ragowar wunin.

Ana nan aka aiko cewa fasto zai zo ya ba mu jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da mu Kirista ke ci mu sha don tuna Almasihu. Wayyo, murna! Tunda muka bar gida ban ɗanɗana gurasar nan ba, ban taɓa ƙoƙon ba. Mota ta sauke shi a Tambuwal, ya ƙaraso a keke ran Asabar. Na yanka masa zakaran da nake tattali. Yana cikin cin zakaran nan ladan ya kira, Yaya ta miƙo ɗanta ta kan katanga, ta yi salla, ta zagayo ta kwashi nawa, ni kuma na yi abin da na saba.

Da na buɗe ido yana tsaye a kaina, da ƙashi a hannu.

"Uwargida, me kike yi?"

"Addu'a, Fasto."

"An kira salla kin tashi. Kin yi alwala. Kin shimfiɗa tabarma kin dubi gabas. Saura me?"

Jama'a, da la'asar rana tana yamma. Duk wanda ya jingina da katanga mai inuwa, ina zai duba in ba gabas ba? Akuyar gidanmu ma gabas take duba a lokacin! Na faɗa masa haka. Na faɗa masa zancen yara, da cewa ba ni da mai riƙe mini su sai a wannan lokacin. Bai ji ba. Ya ce addu'ar da ba a jin sunan Almasihu a cikinta, wa ya san wanda ake kira? Na ce wanda ake kiran ya sani. Wannan amsar ce ta ƙarasa ni.

Washegari a zaurena, a kan tabarmata, ya sanar cewa ina ƙarƙashin horo. Ba zan ci jibi ba sai ya dawo ya tabbatar na bar zaman la'asar. Ƙoƙon ya bi hannu hannu, ya zo gabana, ya tsallake ni. Gurasar ma ni na gasa ta. Maigida ya sunkuyar da kai, don shi mutum ne mai ganin girman manya. Ban yi kuka a gabansu ba, sai da na shiga madafa.

Fasto ya ce in yi addu'ata a wani lokaci dabam. Mai keke ne ke faɗar haka, wanda matarsa ke riƙe masa yara. Na gwada da asuba, goyo ya farka. Na gwada da hantsi, masu neman magani suka yi sallama. In na bari sai an kwanta, kafin in kai tsakiyar aya barci ya kwashe ni.

Duk da haka na bi umarni, don ina son ƙoƙon nan. Ban daina karɓar ɗan Yaya ba. In ta idar ta miƙo hannu, sai in ce ta bari, ina da aiki. Ta yi haƙuri har ta gaji, ran nan ta ce, "Matar malam, mi na yi miki? Ko hannuna ne ba ki so ga ɗiyanki?" Na rantse mata ba haka ba ne. Amma yaya zan ce mata malaminmu ya ce zama kusa da sallarta ya ɓata tawa? Daga ranar ba ta ƙara miƙo hannun ba. Ni kuma na zama mai faɗa. Yarana sun sha duka a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Damina ta wuce, wata ta zo ta wuce, fasto bai dawo ba. Aka mai da mu Tambuwal. Ran da muka ɗora kaya Yaya ta kawo mini daddawa a ƙunshi, muka rabu ba ta san dalili ba. Ban sake ganinta ba.

A Tambuwal na sake haihuwa, kuma a nan fasto ya same mu, ya yi ƙiba, ya sami babur. Aka shirya jibi bayan azahar a gidanmu. Kafin a fara na durƙusa gabansa na ce, "Fasto, na kiyaye. Tun ran da ka hana ni ban ƙara zama ba. A ɗage mini horon."

Ya dube ni yana murmushi. "Wane horo, uwargida?"

Na tuna masa Kebbe, da tabarma, da gabas. Ya yi dariya ya kaɗa hannu. "Af! Wannan? Ai na ɗauka kin daɗe da mantawa. Zo ki ci abinki."

Na rasa shiruna, na rasa maƙwabciyata, na daki yarana a banza, shi kuwa ko a ransa bai ajiye ba. Na so in ture ƙoƙon, sai na tuna ba nasa ba ne. Na ci gurasar, na sha, na ce amin.

Ana rufe addu'a ladan ya kira la'asar. Na tashi na wanke hannu da ƙafa a gabansa, na gyara ɗankwali, na jawo tabarma zuwa inuwar katanga. Yaron da ke bayana ya fara kuka, ga shi babu Yaya. Na kwance zanen goyo, na ɗora shi a cinyar fasto, a kan farar rigarsa.

"Riƙe mini shi," na ce. "In ya yi fitsari ka yi haƙuri. Zan daɗe."