Ranar da Aka Ce Kakana Baƙo Ne

Duk lokacin da na ratsa layin dukawa a kasuwa, warin jemammiyar fata ya bugi hancina, sai in rage tafiya. Wasu toshe hanci suke yi su wuce. Ni kuwa warin rigar kakana nake ji, mahaifin babana, sai in gan ni a zauren gidanmu, a wani ɗan ƙauye tsakanin Balan da Gaya, ina yarinya ko famfara ban gama ba.

Kakana baduku ne. Da damina manomi ne kamar kowa, da rani kuwa ya shimfiɗa buzu a zaure, ya baje fatu ja da kore, yana ɗinkin takalma da kube da rufin laya. Amaryarsa yake kirana, kuma ba ya cin gyaɗa bai rage mini ba. Aibinsa ɗaya a wurin mutane: abin da idonsa ya gani, bakinsa sai ya faɗa. Kakata takan ce masa, "Malam, baki fa shi ke yanka wuya." Sai ya yi dariya ya ci gaba da ɗinkinsa.

Kowa a garin ya san a goye aka zo da shi. Wata shekarar yunwa ce ta koro iyayensa daga arewa, wajen Damagaram, tun ba wanda ya san inda iyakar ƙasa ta tsaya. Suka sari daji, suka kafa bukka, suka zauna. A nan aka yi masa kaciya, a nan ya yi karatun allo, a nan ya yi aure ya haihu, a maƙabartar bayan gari ya binne uwa da uba. Ba wanda ya taɓa ɗaukar wannan abin magana, domin in ka tona, rabin garin daga wani wuri kakanninsu suka taso.

Rigimar ta faro ne daga burtali. Akwai hanyar shanu da ta bi ta gabashin gari zuwa fadama, tun kaka da kakanni. Shekarun farko bayan samun 'yancin kai, dagacinmu ya yanke ta ya ba surukinsa, shi kuma ya shuka gyaɗa a ciki. Shanun Fulani suka rasa ta inda za su bi, suka riƙa faɗawa gonakin talakawa. Maƙwabtan da ke musayar nono da gero suka koma hararar juna. Har ɗan surukin dagaci ya sari wani makiyayi da lauje a hannu, hannun bai ƙara moruwa ba.

Ranar kasuwa, dagaci na zaune a rumfarsa da mutanensa, kakana ya tsaya a gabansa ya ce, "Ranka ya daɗe, burtali ba gadon gidanku ba ne. Ka buɗe wa shanu hanyarsu kafin a yi kisa." Abin da ya faɗa ke nan, bai zagi kowa ba. Amma lokacin siyasa ce mai zafi, duk wanda ya ɗaga murya sai a ce ɗan adawa ne. Kafin kasuwa ta watse 'yan doka sun tafi da shi.

Mu mata da yara ba mu je kotu ba, daga bakin babana muka ji. A zama ɗaya alƙali ya saurari shari'u biyu. Wanda ya nakasa makiyayi, aka ce ya ba da haƙuri ya tafi gida, wai tsautsayi ne. Tsohon da ya yi magana kuwa, aka ce ya ta da hankalin jama'a: bulala a bainar mutane, da ɗaurin wata shida. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Hannun mutum ya tafi a haƙuri, kalmar gaskiya kuwa aka rama ta a bayan dattijo mai furfura, 'ya'yansa na tsaye suna kallo.

Baffana, ƙanen babana, malamin firamare ne a Toranke. Shi ya ce ba za a bar maganar ba, za a ɗaukaka ƙara. Duk daminar nan a hanya ya yi ta, keke zuwa Gaya, mota zuwa Kano. Daga ƙarshe babbar kotu ta ce kakana ba shi da laifi, a sake shi. Da baffa ya kawo labarin, kakata ba ta yi guɗa ba. Ta ce, "To bulalar fa, su wa za su cire masa ita?"

Kakana ya dawo gida lokacin girbi, gari na ƙanshin sabon gero. Ya rame, amma bakinsa na nan. Aka yi fura, aka yanka zakara, na kwana biyu ina manne da shi. Mun ɗauka magana ta ƙare.

Ba a yi sati ba, da hantsi, muka ji kukan mota a ƙofar gida. A lokacin mota ba ta shigowa ƙauyenmu sai da dalili. Wani mutum mai kaki ya sauko da 'yan doka, dagaci na biye. Ya sanar cewa an bincika, kakana ba ɗan ƙasar nan ba ne, baƙo ne, kuma zamansa barazana ne ga zaman lafiya. Za a mayar da shi inda ya fito.

Baffa ya ce, "Wace kotu ce ta yanke wannan? Mu kotu ta wanke shi."

Mutumin ya ce, "Ba maganar kotu ba ce, malam. Umarni ne daga sama."

"Wa ya saurare shi? Wa ya kira shaida?"

"Umarni ba ya neman shaida."

Kakana ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa. Ya dubi dagaci, wanda tare suka yi wasan langa suna yara, ya ce, "To uwata da ubana da ke kwance a bayan gari, su ma ku tono su ku loda mana a motar." Dagaci ya sunkuyar da kai. Na ƙanƙame ƙafar kakana ina ihu, babana ya ɓamɓare ni. Ko takalmi na kirki ba a bari ya ɗauka ba, shi da ya yi wa rabin garin takalma.

Kwanakin da suka biyo baya ƙofar gidanmu ta cika da 'yan jaje, kuma a nan na fara jin manya suna gardamar da har yau ba a gama ba. Liman ya ce ƙasa ta Allah ce, wanda ya yi sallah a sahunku shekara da shekaru ba a kiransa baƙo. Wani tsohon soja da ya yi yaƙin Turawa ya ce gwamnati wuta ce, ba a taɓa ta don gwaji, kuma mai mulki yana da ikon korar wanda ya ga dama. Baffa ya ce in haka ne, to me ya sa aka gina kotu? In mutum ɗaya zai iya share hukuncin alƙalai da baki, yau baduku ne, gobe kowa ma. Duk aka gyaɗa kai, aka ce gaskiya ne.

Sai baffa ya ce to, dattawa su bi shi Kano su shaida cewa a garin nan tsohon ya tashi. Nan take gyaɗa kai ya ƙare. Wannan ya tuna bai gama sussuka ba. Wancan ƙafarsa na ciwo. Liman ya ce zai taimaka da addu'a. Mutanen da suka sha fura a zaurenmu, waɗanda kakana ya rufe wa 'ya'yansu layu, aka rasa ko uku da za su hau mota. Baffa ya tafi shi kaɗai, bai samu ko shiga ofishin ba. Kafin rani ya ƙare aka yi masa canjin wurin aiki zuwa can nesa.

Damina biyu kakana ya yi a ƙasar da bai san kowa ba. Daga baya ya gaya mana cewa a can ma baƙo suke kiransa, mutumin Kano. Sai bayan sojoji sun karɓi mulki, hankalin manya ya koma wani wuri, ya biyo ayarin fatake ya dawo. Ba wanda ya soke umarnin, ba wanda ya ce masa yi haƙuri. An dai kau da kai. Burtalin kuwa ya zama gona har abada.

Wanda ya dawo mana ba shi ne wanda aka ɗauka ba. Ya koma ɗinkinsa, amma ya janye buzunsa daga zaure zuwa cikin gida. Ya daina zuwa kasuwa. In ya ji kukan mota, ko daga nesa ne, sai ya ajiye basilla ya shige ɗaki. Wata rana na kawo masa labarin wani zalunci da aka yi wa wata gwauruwa a kan gona, ina jiran in ji ya fashe kamar da. Bai ɗaga ido daga fatar da ke hannunsa ba, ya ce, "Amarya, baƙo ba ya sa baki a maganar gari." Wannan ta fi bulalar yi mini ciwo.

Ya rasu a shekarun farin nan da ya kashe shanu, ni kuma lokacin ina goyon ɗana na fari. Gari ya cika maƙil wajen jana'iza. Dagaci, ya tsufa yana dogara sanda, ya zo gaisuwa har bakin ƙofar tsakar gida, ya ce, "Allah ya jiƙansa. Mun yi rashin namu, ɗan gari na asali." Kakata tana cikin takaba, ba ta fito ba, amma ta ɗaga murya yadda duk zauren ya ji: "Ku gaya masa na gode. Sai yau da ba ya iya magana ya zama naku?"

Yanzu ƙauyen ya canza. Babura da masu ƙafa uku na kaiwa da komowa zuwa Gaya, yara suna gardamar tsarin mulki da ikon shugaba a waya, rabi Hausa rabi Turanci. Nakan saurare su, wani lokaci har su burge ni. Amma in na ji ɗayansu ya ce ai wane ba ɗan ƙasa ba ne, a tattara shi a kora ba sai an tsaya shari'a ba, sai in kira shi in zaunar. In tambaye shi garin da kakan kakansa ya fito. Yawancinsu ba su sani ba. Sai in ce masa to ya yi a hankali, domin ranar da mai iko ya ji haushinsa, shi zai gano masa garin.