Ƙanzon da Ke Ƙarƙashin Faifai

Jiya jikata ta manta da tukunya a kan wuta, tuwo ya kama. Uwarta na ta faɗa da Larabci, ni kuwa ina zaune gindin darbejiya, ƙaurin ya iso ni, sai na kasa ci gaba da jan carbi. Ƙaurin ƙanzo ne. Kai mai karatu, in ba ka girma a gidan da ake tuƙa tuwon dawa kullum ba, ba za ka san abin da wannan ƙauri ke tonowa a zuciyar tsoho ba.

Ƙauyenmu na bakin tur'a yake, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonakin auduga, tafiyar hantsi daga mashigin Rufa'a. Ni ne ɗan fari a ɗakin innata. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa kallon tsabar idona ba. In tana son a ba ni abu, sai ta ce wa ƙanwata, "Kai wa wancan." Ƙannena su ci tuwo a gabanta tana cire musu ƙaya daga kifi, ni kuma a ce mini, "Naka na ƙarƙashin faifai." In na ɗaga, tuwo ne da ƙanzo mai kauri a gefe, an jiƙa shi da nono.

Kakana na wajen uba dillalin awaki ne, shi ya koya mini karatun fuska. Ranar kasuwa yakan zaunar da ni kusa da shi ya ce in lura: mai yawan rantsuwa tun ba a musa masa ba, mai dariyar da ba ta kai ido, mai kawar da kai in an tambaye shi lafiyar akuya. Na ɗauki darasin da sauri, har aka fara yabona. Yabon nan ne ya cuce ni, don na ɗauka duk fuskar duniya awon kasuwa ɗaya ake yi mata.

Wata kaka, lokacin ɗibar auduga, ni da abokina ɗan makwabtanmu Larabawa muka zame muka faɗa tur'a, ranar an saki ruwa. Masu ban ruwa suka tsamo mu, muna amai da rawar sanyi. Uwar abokina ta zo da gudu, mayafi a hannu, tana kuka tana sumbatar kansa, "Ya waladi, ya waladi!", wato "ɗana, ɗana!" Innata ta iso bayanta da buhun auduga a kafaɗa, kakata ta wajen uba tana biye. Na ɗaga kai ina jira. Ta dubi ƙasa, ta tambayi kakata, "Ya dai fito?" Aka ce ya fito. Ta juya ta koma cikin gona.

Na karanta fuskar nan yadda kakana ya koya mini. Ido ya kauce, baki bai motsa ba, babu hawaye. Na yanke hukunci a nan bakin ruwa, ina ɗan shekara goma sha biyu: matar nan ba ta ƙaunata.

Kakata ta lura da ni bayan kwana biyu. Ta ce, "Kai maigidana, mi ya same ka kake kumbura awa kwaɗo? Ko kishiya za ka yi mini?" Na faɗa mata. Ta yi dariya har ta riƙe ciki. "Kai da kakanka duk idon akuya kuka iya dubi. Kunyar ɗan fari ce, wawa. Ka bar fuska, ka dubi hannu." Na ji da kunne. Amma kullum ina ganin yadda uwayen abokaina ke rungumar su a bainar jama'a, sai na ce tsohuwa tana rufa wa surukarta asiri ne kawai.

Da na tasa na samu aikin tuƙa tarakta a manyan gonakin Damazin. Safiyar tafiyata na durƙusa bakin ƙofarta. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba, ta ce, "Allah shi kiyaye hanya." Sai baƙin cikin shekaru ya taso mini, na ce, "Ke ai ko gawata aka kawo, tankaɗenki za ki ƙarasa." Rariyar ta tsaya a hannunta. Sannan ta ci gaba da tankaɗenta. Wannan ma na lissafa shi cikin shaidata.

Shekaru da yawa na yi ina zuwa da Sallah kawai. In gaishe ta daga tsakar gida, in ajiye sukari da atamfa a hannun ƙanena, in wuce zaure. In aka kawo mini akushi da ƙanzo a gefe, sai in tura wa yara, in ce ni na wuce cin kankaren tukunya. Na sani ana mayar mata da labari.

Da ciwonta ya yi tsanani aka aiko mini. Ƙanwarta, wadda muke kira Inna Ƙarama, ta tare ni a zaure ta hana ni shiga. "Zauna, mai karatun fuska," in ji ta. "Ran da ka faɗa tur'a ina gonar. Ta juya ne don uwar mijinta na tsaye. Ba ta kai ƙarshen kunyar gona ba ta zube cikin auduga, ni na yayyafa mata ruwa. Ta rantsar da ni kar in faɗa. Ƙanzo kuma, ka taɓa ganin macen da ta iya tuƙi irin nata tukunyarta na kamawa kullum? Tun kana rarrafe ta ga kana son shi. Da gangan take barin ta a wuta, ubanka na yi mata faɗan ɓarnar gari."

Na shiga ɗakin. Tana kwance a gadon igiya, ta ƙanƙance. Na durƙusa na ce, "Inna, ki gafarta mini." Ta juya fuskarta ga bango, kamar kullum. A karon farko na bar fuskar, na dubi hannu. Yana lalube a gefen gado, har ya samu bakin jallabiyata. Ya damƙe, bai saki ba.

Can ta ce wa ƙanwarta, da murya ƙasa-ƙasa, "Ce ma wancan, babu komi. Nashi na ƙarƙashin faifai." Ashe da ta ji ina hanya ta sa matar ƙanena ta bar tukunya ta kama. Na cinye shi a nan ƙasa, da hannu ɗaya, don ban yarda in ja rigata ba. Kwana tara muka samu tare.

Yau 'yata tana kiran ɗanta na fari da sunansa tun daga bakin titi, ta sumbace shi a gaban kowa, rabi da Hausa rabi da Larabci. Ban ga laifinta ba, yaron ba zai yi irin kuskurena ba. Mutane har yanzu suna kawo mini ƙara su ce in dubi fuskar wane in faɗa musu ko gaskiya yake yi. Nakan ce su je su zauna da shi tukuna.

Jiya dai, da jikata ta ɗauki tukunyar za ta zuba wa kaji, na kira ta. Na ce ta kankaro mini, ta sa nono kaɗan, ta rufe da faifai.